Cin abincin dare a brasserie ta Paris, daga bakin ƙofa zuwa biyan kuɗi

Ƙarfe biyar na yamma ba ta cika ba rana ta faɗi a Paris, haka Disamba take a can. Wannan ya yi mana daidai, domin mun yi magariba da lisha a masauki a natse, muka fito wajen bakwai da rabi babu sauran nauyin salla a kanmu. Wanda ya je a watan Yuni lissafinsa daban ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen goman dare, in bai tsara ba magariba za ta riske shi da cokali a hannu. Mu uku ne: ni, da abokin aikina, da wani dattijo ɗan kasuwa mutumin Maraɗi wanda Faransanci ya zauna masa a baki tun yana yaro. Daga unguwar tashar Gare du Nord muka gangaro a ƙafa, muka nufi wata tsohuwar brasserie da na kama mana tebur a cikinta ta waya tun da safe.

Kalmar, wadda ake furtawa kamar "brasri", asalin ma'anarta gidan da ake dafa giya. Mutanen Nijar sun san ta daga sunan kamfanin Braniger. Amma a Paris ta yau in aka ce brasserie ana nufin babban gidan abinci mai faɗi, mai madubai a bango da fitilu da sandunan tagulla, mai ɗaukar mutum ɗari ko ɗari biyu ko fiye a zama ɗaya. Abin da ya fi raba ta da sauran gidajen abinci shi ne lokaci. Yawancin gidajen abincin Faransa suna dafa na rana daga sha biyu zuwa biyu ko biyu da rabi, su kashe wuta, sai kuma bakwai ko bakwai da rabi na dare. Baƙon da yunwa ta kama da ƙarfe huɗu zai yi ta tura ƙofofi ana ba shi haƙuri. Brasserie kuwa wutarta ba ta mutuwa daga tsakar rana har wajen sha biyun dare, kuma za ka ga an rubuta "service continu" a jikin gilashi. Wannan rubutun shi matafiyi zai riƙa nema.

Mutanen Alzas, yankin da ke kan iyaka da Jamus, su ne suka kafa wannan sana'a a Paris. Frédéric Bofinger, mutumin garin Colmar, ya buɗe tasa kusa da dandalin Bastille a 1864. Bayan yaƙin 1870 zuwa 1871, da Jamus ta ƙwace Alzas da wani ɓangare na Loren, mutanen yankin da yawa suka yi ƙaura zuwa Paris da giyarsu da kabejinsu mai tsami. Léonard Lipp ya buɗe tasa a 1880 a kan titin Saint-Germain, kuma a bakin ƙofarta ne aka sace jagoran adawar Maroko, Mehdi Ben Barka, ranar 29 ga Oktoba 1965, ba a sake ganinsa ba. La Coupole ta unguwar Montparnasse ta zo daga baya, a Disambar 1927. Sanin wannan asali yana da amfani ga Musulmi, domin girkin Alzas girki ne da aka gina a kan naman alade da farar giyar inabi, kuma har yau wannan gadon yana nan cikin jerin abincin kowace brasserie, ko da ba ta da alaƙa da Alzas.

Kafin mu shiga sai da muka tsaya a waje. Doka ta wajabta wa kowane gidan abinci ya kafe jerin abincinsa da farashi inda mai wucewa zai gani, kuma minti biyar da za ka yi kana karantawa a cikin sanyi sun fi maka rabin awa na ruɗewa a kan tebur, mai hidima na tsaye a kanka. Abu uku nake dubawa. Na farko, kifi iri nawa ke akwai. Na biyu, ƙaramin allon da ake rubuta abincin ranar da alli, "plat du jour", domin shi ne aka dafa da abin da ya zo daga kasuwa da safe, kuma ya fi araha. Na uku, wata 'yar alama ta tukunya mai rufin ɗaki a samanta, wadda aka fito da ita a 2014, ma'anarta "fait maison", wato a nan gidan aka dafa daga ɗanyen kaya. Tana da muhimmanci a wurinmu fiye da kowa, saboda kukun da ya haɗa miya da hannunsa ne zai iya faɗa maka abin da ke cikinta da tabbaci.

A gefen ƙofar akwai wani mutum cikin rigar sanyi da safar hannu, gabansa kwanduna cike da kawa da ƙaguwa da jatan lande a kan niƙaƙƙiyar ƙanƙara. Sunan sana'arsa "écailler", aikinsa ɓare kawa da 'yar gajeriyar wuƙa, kuma a waje yake wuni duk tsananin hunturu. Inda ka ga hannunsa bai huta ba, kayan tekun gidan ba sa kwana.

Da shiga, "Bonsoir, Monsieur" ita ce kalmar farko, kafin komai. Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa gaisuwa, amma na ga baƙi da dama sun shigo sun fara da tambaya, kuma daga nan fuskar mai tarbarsu take canzawa. Ba ka zaɓar tebur da kanka. Akwai shugaban zaure, "maître d'hôtel", shi zai duba sunanka a littafi ko a na'ura ya kai ka. Makara ta wuce kwata ɗaya tana iya sa a ba wani teburinka, don haka in hanya ta riƙe ka, ka buga waya. Teburan ƙanana ne kuma a matse suke, har sai an jawo tebur waje kafin mai zama a dogon bencin jikin bango ya shiga, a mayar. Mun bar wa dattijon bencin, don ya fi taushi kuma yana fuskantar zaure. Rigunan sanyi ana rataye su ko a ɗora kan sandar tagullar da ke bayan benci. Babbar riga tana son a tattare hannayenta sosai, domin tsakanin kofinka da na maƙwabcinka bai wuce taƙi ɗaya ba.

A nan zan faɗi abin da bai kamata a ɓoye ba: giya tana kan kusan kowane tebur da ke zauren. Namu babu, kuma mai hidima ya kwashe kofunan giyar da aka jera mana da zarar mun ce ba ma sha, ba tare da wata magana ba. Amma wanda zuciyarsa ba ta natsu da zama a irin wannan wuri ba, yana da inda zai je. Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana da gidan abinci da wurin shan shayi a jikinsa, kuma unguwar Château Rouge, tasha biyu daga Gare du Nord a layi na 4 na metro, jirgin ƙasan cikin birni, cike take da mahautan halal da gidajen abincin Afirka.

Masu hidimar suna sanye da farar riga da baƙar falmaran mai aljihuna da yawa, da farin ƙyalle ɗaure a ƙugu har ƙasa. Yawancinsu ba yara ba ne, sana'a ce da mutum yake tsufa a cikinta. Kowannensu yana da rukunin teburansa, ana ce masa "rang", don haka ɗaga wa wanda ke wucewa hannu ba ya biyan buƙata, iyaka ya ce maka abokinsa na zuwa. Ka gane fuskar naka tun farko. Ana kiransa "Monsieur", ko "Madame" in mace ce, ko a haɗa ido a ce "s'il vous plaît". Kalmar "garçon", wato yaro, wadda wasu dattawanmu suka koya a makaranta, yanzu raini ce. Tafi da kaɗa yatsa da "psst" su ma haka.

Tambayar farko ita ce ta abin sha. Ruwan famfo kyauta ne bisa doka ga mai cin abinci, haka burodi, amma sai ka ambace shi da sunansa: "une carafe d'eau". In ka ce ruwa kawai, za a tambaye ka "plate ou gazeuse", marar gas ko mai gas, a kawo na kwalba a sa maka a lissafi. Ruwan famfon Paris mai kyau ne, shi muka sha. Mai son zaƙi ya nemi "citron pressé", ruwan lemun tsami da ake kawowa da ruwa da sukari a gefe ka haɗa da kanka, ko "diabolo menthe", lemo mai gas da na'a-na'a. A kiyayi sunayen da suka yi kama da na lemo alhali ba lemo ba ne: "panaché" da "monaco" giya ce gauraye da lemo, "kir" giyar inabi ce, "cidre" kuma ruwan tuffa ne da ya zama barasa.

Babbar takardar abincin sunanta "la carte". Abin da suke kira "menu" ko "formule" haɗi ne mai farashi ɗaya, misali abin buɗe baki da babban abinci, ko babban abinci da kayan zaƙi. "Entrée" shi ne ƙaramin abinci na farko, "plat" shi ne babba, "dessert" na ƙarshe. Ba dole ne ka ci uku ba, amma da dare a kan tebur mai shimfiɗa ana sa ran kowa ya ɗauki babban abinci ɗaya aƙalla. Mutum biyu su haɗu a faranti ɗaya irin yadda muka saba, ba a maraba da shi, sai dai a kayan zaƙi ko babban tiren kayan teku.

A kan wannan takarda ne aikin yake. Dattijonmu ya sa tabarau ya bi ta layi-layi, ya tsaya a kan "filet mignon", ya ce shi wannan zai ci. Na ce, "Baba Alhaji, ku yi haƙuri, wannan alade ne." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai ban ga an rubuta porc ba." Gaskiyarsa, ba a rubuta ba. A wasu ƙasashe wannan suna na naman sa ne, amma a Faransa in aka faɗe shi haka kawai, galibi tsokar bayan alade ake nufi. Jin Faransanci bai isa ba, sai an san girkin.

Sunayen naman alade masu sauƙin ganewa su ne "porc", "cochon", "jambon", "lard", "lardons", "saucisse", "saucisson", "charcuterie", "boudin", "andouillette", "rillettes", "échine", "travers". Waɗanda suka fi haɗari su ne masu ɗauke da sunan wata dabba. "Terrine de canard" da "pâté" iri-iri, ko an ce na agwagwa ne ko na zomo, kusan kullum da kitsen alade ake haɗa su don su kama jiki. "Paupiette de veau" naman maraƙi ne da aka naɗe niƙaƙƙen naman alade a ciki. "Tournedos" naman sa ne, amma ana yawan ɗaure masa siririn kitsen alade a gefe don kada ya bushe. Tumatir ɗin da aka cusa wa nama, "tomates farcies", haka. Waken "lentilles" da na "cassoulet" da alade ake dafa su. Ko salak bai tsira ba: "frisée", "lyonnaise" da "parisienne" duk suna zuwa da gutsattsarinsa. Sai sarauniyar gidan, "choucroute garnie", kabeji mai tsami da aka tula wa alade iri huɗu ko biyar a kai.

Giya ta fi alade iya ɓuya, domin a miya take. "Bœuf bourguignon" da "coq au vin" a cikin jar giyar inabi ake dafa su, kuma da lardons. "Moules marinières", baƙaƙen kawa ƙanana da ake kawowa a tukunya, da farar giya ake turara su na 'yan mintuna kawai. Miyar "beurre blanc" da ake zuba wa kifi, da "béarnaise" ta nama, galibi ana fara su ne da tafasa farar giya da ruwan khal da ƙananan albasa. Miyar "au poivre" da barasar cognac ake yi. Romon albasa mai cuku a sama, wanda kowa ke sha'awa a lokacin sanyi, romon ƙashin sa ne kuma yawanci da giya a ciki. "Bisque" da romon kifi su ma a tambaya. Akwai "choucroute de la mer", wadda aka sa kifi a madadin alade, tana jan hankalin Musulmi, amma shi kabejin da giyar Riesling ake dafa shi, wani lokaci har da kitse. Masu dafuwa za su ce maka barasar ta ƙone a wuta. Ba duka take tafiya ba, musamman a girkin da bai daɗe a kan wuta ba, kuma ko ta tafi, hukuncin abin ba a wurin kuku yake ba.

Saboda haka yadda ake tambaya yana da muhimmanci. In ka ce "sans alcool" kawai, mai hidima zai iya amsa maka da zuciya ɗaya cewa babu, don shi a ganinsa giyar girki ba barasa ba ce. Ambaci sunayen, wato giyar inabi da cognac da alade: "Est-ce qu'il y a du vin, du cognac ou du porc dedans ?" In ya yi jim, ka roƙe shi ya tambayo kicin. Namu ya je ya dawo sau biyu bai nuna gajiya ba, don mun tara tambayoyinmu mun yi su a lokaci ɗaya kafin zaure ya cika. Akwai kuma wata dabara. Doka ta sa kowane gida ya ajiye takardar abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne "sulfites", wanda ake samu a giyar inabi da ruwan khal. Abincin da aka yi wa alama a wannan gurbi, ka ƙara bincike a kansa. Alade ba ya cikin takardar, shi sai da baki.

Naman sa da na rago da kaza a brasserie ba yankan Musulmi ba ne sai in an rubuta. Malamai sun yi magana a kan yankan Ahlul Kitabi a wannan zamani, kowa ya san wanda yake bi. Mu a kan kifi muka tsaya. Wanda zai ci naman, ya san za a tambaye shi "quelle cuisson". Matakai huɗu ne: "bleu", wanda wuta ta lasa kawai, "saignant" mai ja da ruwa a ciki, "à point" wanda har yanzu tsakiyarsa ja-ja ce, sai "bien cuit". Bahaushen da ya saba da tsire da balangu, na ƙarshen nan ne kaɗai zai yi masa, kuma ya zaɓi yanka mai kitse kamar "entrecôte", domin marar kitse kamar "bavette" in ya dahu sosai sai ya koma kamar fata. "Tartare" da "carpaccio" ɗanyen nama ne ƙiri-ƙiri, ba su ga wuta ba.

Ana faɗin na farko da babba a lokaci ɗaya, kayan zaƙi sai daga baya. Dattijo ya ɗauki "œufs mayonnaise", dafaffen ƙwai da miyar gwaiduwa da mai, abokina ya ɗauki "poireaux vinaigrette", wani ɗan'uwan albasa mai dogon farin jiki da aka dafa ya yi laushi aka yayyafa masa mai da ruwan khal da mustad. Ni na nemi kawa shida. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta halatta abin da ke rayuwa a teku, sai dai ɗanya ake cin kawar, da ranta, kuma ba kowane ciki ke karɓa ba. Mai juna biyu da marar lafiya su bar ta. Ana sayar da ita da lamba daga 0 zuwa 5, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar kawa, don haka lamba 3 ce matsakaiciya, ita ta dace da mai farawa. Ka ɗiga lemun tsami a bakin naman, in ya ɗan motsa ya takure, lafiyayya ce. In ta bushe babu ruwa, ko warinta ya wuce na ruwan teku, ka mayar, ba wanda zai yi maka musu. Ana kawo ta da baƙin burodi da man shanu.

Burodin da ke kwando ba a ba shi faranti, a kan shimfiɗar tebur ake ajiye shi, a gutsura da hannu. Cokula da wuƙaƙe kuwa daga na waje ake farawa. Akwai abin da ke jinkirta wa baƙi abinci ba su sani ba: mai hidima ba ya ba kicin umarnin ɗora babban abinci sai ya ga kowa ya gama na farko. Alamar gamawa ita ce a haɗa wuƙa da cokali mai yatsu wuri ɗaya a kan faranti. In mutum ɗaya ya bar nasa a warwatse yana hira, teburin duka zai zauna jira.

Babban abincin da na ba su shawara, kuma shi zan ba kowane Musulmi da ya shiga irin wannan gida, shi ne "sole meunière". Sole kifin teku ne mai faɗi kamar tafin takalmi, ana kawo wa mutum guda sukutum, mai nauyin giram 300 zuwa 400. Sunan girkin yana nufin irin na matar mai niƙa, saboda fulawa. Kayan haɗinsa ba su wuce shida ba: kifi, fulawa, man shanu, gishiri, lemun tsami, da ganyen persil. Babu giya, babu romon nama, babu inda wani abu zai ɓuya. Ana saɓule fatar, a tsane kifin, a barbaɗa gishiri, a birkiɗa shi cikin fulawa a kakkaɓe, a sa a kasko cikin man shanu mai kumfa, minti huɗu zuwa biyar kowane gefe, ana ɗibar man da cokali ana kwarara masa a kai. Sannan a narka sabon man shanu har ya yi launin gyaɗa soyayya, a matsa lemun tsami, a zuba a kan kifin yana ƙara. Da farantin ya iso, dattijo ya ce ƙamshin man shanun da ake soyawa a gida ne, kuma haka ne, ɗigon madarar da ke cikin man ne ke soyuwa a can da nan.

Girki mai sauƙin kaya shi ya fi tona asirin kuku. In an sa fulawar tun da wuri, ta jiƙe, bayan kifin zai yi danƙo maimakon ɓawo. In wuta ta yi yawa, man ya wuce launin gyaɗa ya yi baƙi, sai ɗaci. In farantin ya daɗe a ƙarƙashin fitilar ɗumama abinci, kumfar ta kwanta, man ya fara daskarewa a gefe. Namu ya zo yana kumfa. Mai hidima zai tambaya ko a cire maka ƙaya. In ka amince, a gabanka zai yi da cokali biyu cikin minti ɗaya. In za ka yi da kanka, ka fara share ƙananan ƙayoyin gefe, ka ja wuƙa a kan layin tsakiya daga kai zuwa wutsiya, ka ture tsoka biyun sama hagu da dama, ka ɗaga ƙashin gaba ɗaya daga wutsiya, biyun ƙasa su bayyana. Ba a juya kifin, juyawa ce ke farfasa shi. Aibinsa ɗaya tsada, yana cikin mafi tsadar abin da ke takardar. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nemi gasasshen kifin "bar" ko "daurade" ko "saumon", ya ce a sa miyar a gefe, "la sauce à part", ya ci da man zaitun da lemun tsami.

Ana haɗa sole da dafaffen dankalin turawa ko soyayye. Soyayyen na kirki sau biyu ake soya shi, na farko a mai marar zafi sosai don cikin ya nuna, na biyu a mai zafi don bayan ya yi ƙaras. A Paris galibi man tsirrai ne, amma a arewacin Faransa da Beljiyam ana soyawa da kitsen sa, wasu gidajen kuma da na agwagwa, don haka wannan ma tambaya ɗaya ce. Yaji kuwa babu shi. Gishiri da masoro da mustad ne a tebur. Gidan da ke sayar da kawa da tartare ba ya rasa kwalbar Tabasco, ana iya nema. Ni dai ina ganin zuba wa wannan kifi yaji asara ce, daɗinsa a man shanun yake.

Kayan zaƙi ma suna da nasu tarkon. "Baba au rhum" a jiƙe yake da barasa, "crêpes Suzette" da ita ake kunna musu wuta, "colonel" ƙanƙarar lemun tsami ce da vodka, kuma masu daskarewa irin "panna cotta" da "bavarois" da gelatin ake yi, wanda sau da yawa daga alade yake. "Café gourmand" yana zuwa da ƙananan kayan zaƙi uku ko huɗu da ba ka zaɓa ba, don haka ba ka san cikinsu ba. Mun ɗauki "crème brûlée", kirim da gwaiduwa da sukarin da aka ƙona a sama har ya zama kamar gilashi, da "île flottante", farin ƙwai da aka buga yana yawo a kan madara mai kauri. Kofi bayan zaƙi yake zuwa, ba tare ba. "Un café" ɗan mitsitsi ne mai ƙarfi, "allongé" an ƙara masa ruwa, "noisette" an ɗiga masa madara, "déca" kuma ba ya hana barci. Abin da ya rage a faranti ana iya cewa a ƙunshe maka, tun Yulin 2021 doka ta wajabta musu in ka nema.

Ban-ɗaki galibi a ƙasa yake, a bi matakala, kuma babu buta, mai buƙata ya riƙe 'yar robar ruwa a jaka.

Takardar kuɗi ba ta zuwa sai ka nema, domin kawo ta ba a tambaya ba kamar kora ce a wurinsu. Sai ka ce "l'addition, s'il vous plaît". Farashin da ka gani a takarda ya haɗa haraji da ladan hidima, ba a ƙara komai a kai. Tukuici ganin dama ne, 'yan yuro kaɗan a bar su a faranti in an ji daɗi, kuma ko na'urar kati ta nuna maka gurbin ƙari, kana iya tsallakewa. Har tebur ake kawo na'urar, katinka ba ya barin gabanka, kuma kowa na iya biyan nasa in an faɗa. A babbar brasserie, abinci uku ba giya zai ci wa mutum ɗaya yuro 40 zuwa 60, in da sole ya haura. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wato yuro 40 ya ɗan wuce sefa 26,000. Wanda yake son irin wannan zaure da madubai a kuɗi kaɗan ya nemi "bouillon", gidajen da aka faro a ƙarni na 19 don ciyar da ma'aikata, kamar Chartier na titin Faubourg Montmartre da ke nan tun 1896, inda mai hidima ke rubuta abin da ka ci a kan takardar da aka shimfiɗa a tebur ya yi lissafin a nan. Sai dai a shirya wa dogon layi a waje, da zama tebur ɗaya da baƙin fuska, kuma zaɓin kifi bai kai na brasserie ba.

Awa biyu da kwata muka yi a zaune. Muka yi wa mai hidimarmu da shugaban zaure sallama, "merci, bonne soirée", don fita ba sallama a can ma abin kunya ne. A waje mai ɓare kawa yana tattara kwandunansa yana watsa ruwa a dakali. Metro yana aiki har wajen ɗaya da kwata na dare, Juma'a da Asabar har wajen biyu da kwata, amma tunda masaukin bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba, dattijo ya naɗe rawaninsa ya rufe kunnuwa ya ce mu taka.